Akwatin da Na Ce Ba Ya Ƙarya

Tun da na dawo ranar Asabar ba a bar ni na huta ba. Mai shayin bakin shagona, abokan sallar La'asar, har ƙanin matata da bai taɓa tambayar lafiyata ba, kowa sai ya tare ni: "Injiniya, yaya fadama? An ce har jirgi ka shiga? Ina kifinmu?" Na gaji da ba da amsa guntu-guntu. To ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Kifi dai ban zo da shi ba. Ɓacin rai na zo da shi, kuma har yau bai sauka ba.

Wanda bai san ni ba, ni mai aikin lantarki ne a nan Haɗeja. A farkon ranin bana manoman shinkafa na wani ƙauye can bayan Auyo, wanda ba zan kama sunansa ba, suka haɗa kai suka kafa farantan sola da famfo uku a bakin kogi, kowane famfo da layin gonakin da yake shayarwa. Wutar ba ta ɗaukar ukun a lokaci guda, sai ɗaya bayan ɗaya. To a nan rigimar take. Duk wanda aka ɗora a kan kunnawa da kashewa, kafin sati sai an ce ya fifita surukinsa ko ya ƙuntata wa wanda suka yi faɗa bara. Sai suka zo wurina suka ce suna son abin da ba shi da dangi a garin. Na haɗa musu akwati mai 'yar ƙwaƙwalwa a ciki: layi na ɗaya awa uku, na biyu awa uku, na uku awa uku, rana ta faɗi kowa ya sha. Na garƙama masa kwaɗo, na jefa makullin a aljihuna, na ce musu duk wanda ya buɗe wuta ta kama shi babu ruwana.

Suka ɗauki wani mutum, Malam Sambo, ya riƙa goge farantan yana danna maɓalli kore da safe. Iyakar aikinsa ke nan. Kakanninsa makiyaya ne, ubansa ne ya zauna a garin ya kama noma. Gonarsa kuwa tana layi na ɗaya, dab da famfo.

Bayan wata ɗaya da wani abu, Malam Garba, wakilin Bulaman garin, ya buga mini waya. Ina saman tsani a gidan wani Alhaji, waya a kunne, filaya a hannu. Ya ce ruwa ya daina zagayawa, layi na ɗaya ke ta sha har ya yi ambaliya, na biyu sai jefi-jefi, na uku kuwa ƙasa ta fara tsagewa. Ya ce, "Injiniya, shin akwatin nan yana kuskure?"

Na ce, "Akwatina ba ya ƙarya. In kun ga ba daidai ba, ku nemi hannun mutum." Na kashe wayar na ci gaba da aikina. Wallahi kafin na sauko daga tsanin na manta da maganar.

Sati uku bayan haka, ranar Laraba da hantsi, wata tsohuwa ta sauke ƙwaryar nono a daidai ƙofar shagona ta zauna a kan dakali. Na ce, "Inna, ba ma saye."

Ta ce, "Ban kawo maka talla ba. Kai ne mai akwati?"

Sunanta Inna Dudu, uwar Sambo. Ta ce jibi Juma'a, ana sauka daga masallaci, Bulama da dattawa za su zauna su karɓe gonar ɗanta su cire shi daga ƙungiya, saboda an ce yana satar ruwa. Ta ce in taso mu je in duba akwatina. Na ce ina da aiki, sai mako mai zuwa. Ta gyara zama ta ce ita ba ta da aiki. Har Azahar tana nan, duk wanda ya zo shago sai ya tsallake ƙafarta, ya kuma tambaye ni abin da na yi wa tsohuwa. Raina ya ɓaci matuƙa. A zuciyata na riga na yanke hukunci: ƙauyawa sun ɓalle mini kwaɗo sun cusa ƙusa a inda bai kamata ba, yanzu kuma sun turo mini tsohuwa ta kashe mini kasuwa. Na ce mata gobe da safe mu haɗu a tasha. Na yi niyyar in je in nuna musu ɓarnarsu da yatsa, in zage su son raina, in dawo.

Motar Auyo ta ɗebi mutum tara a mazaunin biyar, ban da buhun taki biyu da wata akuya da aka ɗaure a but tana leƙo kai ta bayan wuyana. Direban ya rantse ba zai tashi ba sai an sami na goma. Na ce a ina zai sa shi, a kan cinyata? Ya dube ni ya ce ai ga wuri nan kuwa. Da na goman ya zo, a kan cinyar tawa aka sa shi, wani ƙato mai sayar da raga, da warin kifi a jikinsa tun na bara. Inna Dudu tana gaba, ƙwaryarta a ƙirji.

Daga Auyo sai acaɓa. Nawa ɗan acaɓan bai san birki ba sai ƙaho. Hanyar ba hanya ba ce, kunyar gona ce da babura suka take, kowane taku ɗari sai an tsallaka magudanar ruwa a kan katako guda. Sau biyu ina sauka da ƙafa, yana yi mini dariya wai mutanen birni tsoron mutuwa gare su kamar su kaɗai ke da rai. Na ce masa ni raina ɗaya ne, in shi yana da ajiye a gida ya ci gaba.

A inda ƙasar wani Bulama ta ƙare ta wani ta fara, muka tarar da gungumen itace a gicciye da 'yan sintiri huɗu a gindin marke. An ce ɓarayin famfo da farantan sola sun addabi yankin, don haka duk baƙo sai an duba kayansa. Babu laifi. Amma da suka zazzage jakata a ƙasa suka ga filaya, sukundireba, mita da ƙullin waya, sai babbansu ya ce yawwa, ga irin kayan da ake kwance sola da su. Ni, da na haɗa akwatin solar da suke gadi! Na ce masa ni injiniya ne. Ya ce duk wanda suka kama haka yake cewa. Ɗaya ya ɗauki mitar ya kara a kunne. Wani ya tsinci kwalin ashana a ƙasan jakar, ya girgiza, ya buɗe, ya ga wasu 'yan baƙaƙen abubuwa uku masu ƙafa biyu-biyu, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba.

"Wannan fa? Harsashi ne?"

Na fizge kwalin na ce kayan aiki ne, na jefa a aljihun rigata ko kallonsa ban yi ba. Da ba don Inna Dudu ba da a gindin marken nan zan wuni. Ta sauko daga babur ta kira babban nasu da sunan yarinta, ta tambaye shi ko uwarsa ta warke daga ciwon ƙafa. Nan take aka ɗage gungume. Ni kuwa na kwashe kayana daga cikin ƙasa ina huci.

A bakin ruwa sai fito. Mai fiton wani dattijo ne siriri da gora mai tsawon mutum biyu, kuma dokarsa ita ce kowa ya cire takalmi kafin ya taka jirginsa. A Haɗeja masallaci da ɗakin surukai ake cire wa takalmi, a can har da kwalekwale mai yoyo. Ruwan ba ka ganinsa ma, kacalla ta cinye ko'ina, sai wata 'yar siririyar hanya da aka sassare, ciyawar tana marin fuska dama da hagu. Na miƙe don in kare idona, jirgin ya karkata, takalmina ɗaya ya zame ya tafi. Mai fito bai ko tsaya ba. Ya ce wanda ruwa ya karɓa ba ya mayarwa, in zauna kafin ya karɓi mai takalmin.

Shi ne kuma ya fara ba mu labarin gari, ba tare da an tambaye shi ba, da alama bai gane ni ba. Ya ce gobe za a yi wa Sambo hukunci. Ya ce shi dai bai taɓa ganin Sambo da abin wani ba, amma me mutum zai ce? Wasu na cewa so yake shinkafar mutane ta bushe don danginsa su shigo da shanu. "Kuma ai magana ta ƙare," in ji shi, "tunda injiniyan da ya ƙera abin da bakinsa ya ce hannun mutum ne."

Inna Dudu ta ce, "Ga bakin nan zaune a gabanka, da takalmi ɗaya."

Mai fito ya dube ni, ya dubi ruwa, ya ci gaba da tura gorarsa. Ni kuwa na ji haushi ya ƙaru. Wato maganar da na yi a kan tsani ita aka ɗauka aka yi tambari da ita a gari. Amma ko a lokacin ban ga laifina ba. Na ce a raina, to ƙarya na yi? Gobe za su gani.

Mun isa bayan La'asar, rana ta yi sanyi, famfo ya tsaya, babu abin da za a gwada sai da safe. Aka sauke ni a zauren Bulama, aka samo mini wani silifas da ya fi ƙafata da yatsa uku. Mutanen nan suna da wata al'ada da ta kusa haukata ni: baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya ci abinci. Duk lokacin da na buɗe baki na ce akwati, sai Bulama ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya gajiya? Yaya mutanen Haɗeja? Yaya zafi?" Mun gaisa ya fi sau bakwai. A shagona mutum yana shigowa yake cewa fankarsa ta mutu, mu gaisa daga baya in an tuna.

Tuwon shinkafa aka kawo da miyar kuka, kifi a ciki har ya fi miyar yawa. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi daɗi, duk da ƙaya ta tsaya mini a maƙogwaro sai da na haɗiyi loma uku ba miya. Da safe ma ɗumame ne da kifi. Na tambayi koko da ƙosai, aka dube ni kamar na nemi maganin asibiti. Sauronsu kuwa ba ya jiran duhu, tun Magariba yake kama aiki, kuma gidan sauron da aka ba ni ramukansa sun isa kaza ta wuce.

A sallar Magariba na fara ganin abin da bai yi mini daɗi ba. Sambo ya zo, ya tsaya a can ƙarshen sahu, aka bar tazarar mutum guda tsakaninsa da na kusa da shi. Da aka sallame kowa ya miƙa wa maƙwabcinsa hannu, shi babu wanda ya juya wajensa. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, "Sannu da zuwa, Injiniya, an sha hanya," ya tashi ya tafi. Ya rame ƙwarai fiye da yadda na san shi.

Bayan an ci abinci ne Bulama ya yarda aka yi magana. Ya ce su ba su yi gaggawa ba. Sau biyu shi da Malam Garba da dattawa suka je suka zauna a gindin akwatin tun safe har yamma, kuma a ranakun nan biyu ruwa ya zaga layi uku daidai. Suna ɗauke ƙafa, abin ya koma gidan jiya. "To Injiniya," in ji Malam Garba, "abin da yake gyaruwa in ana kallo, ya lalace in an juya baya, na ƙarfe ne ko na mutum?" Na gyaɗa kai. Ni ma a lokacin hujjar ta yi mini ƙarfi.

Da hantsi muka ɗunguma bakin kogi, ni da Bulama da Malam Garba da mutum kusan ashirin. Layi na uku muka fara ratsawa, shinkafa ta yi ja, ganyen ya nannaɗe. Na biyu da sauƙi-sauƙi. Na ɗaya kuwa kore shar, ruwa har idon sawu. Amma a tsakiyar koren nan, dab da famfo, ga wata gona guda ta bushe ƙurmus, ƙasa ta dare, shinkafar ta yi ciki ta mutu a tsaye ba ta fitar da kai ba.

Na ce, "Wannan ta wa ce?"

Aka ce ta Sambo. Kwana goma sha biyu da suka wuce ya toshe bakin gonarsa da laka, ya kuma haƙa rami da hannunsa ya karkatar da rabonsa zuwa layi na biyu, don a ga ba ruwa yake so ba. Na ce to me mutane suka ce? Malam Garba ya ce, "Cewa aka yi mara gaskiya ne ke irin wannan."

Na isa gaban akwatin na ciro makulli, a shirye nake in ga ɓarna. Makullin ya ƙi shiga. Na sunkuya na duba: zanzaro ya gina gidansa na laka a cikin ramin kwaɗon, ya bushe ya yi tauri. Sai da na sa tsinke na ƙwaƙule. Kwaɗon nan babu wanda ya taɓa shi tun ranar da na rufe. Na buɗe, komai yana nan yadda na bar shi, har da ɗan guntun tef da na manta a ciki.

Na rage lokacin daga awa uku zuwa minti biyar don kada mu wuni. Sambo ya danna kore, famfo na ɗaya ya tashi. Minti biyar, ƙwas, ya tsaya, na biyu ya kama. Ƙwas, na uku ya kama. Malam Garba ya yi murmushi ya dubi jama'a, wato kun gani, ana kallo.

Sai Sambo ya matso ya ce, "Injiniya, in ka yarda a kunna rediyo."

Wasu suka kwashe da dariya. Wani ya ce ga shi nan zai fara tatsuniyar tasa. Ashe yana da 'yar rediyo da yake ratayewa a jikin turken akwatin yana sauraro yayin da yake goge farantai. Ya ce duk sanda akwatin ya yi ƙwas, rediyon yakan yi tsat. In tsat ɗin ƙarami ne, ruwa ya wuce gaba. In ya yi ƙarfi kamar an karya kara, fitilar akwatin sai ta ƙifta, ruwa ya dawo layi na ɗaya. Ya ce ya gaya wa dattawa tun farko, aka ce ya rasa abin ɗora wa laifi sai rediyo.

Na ce a kunna. Zagaye na biyu, tsat kaɗan, ya wuce. Zagaye na uku, rediyon ya yi wata ƙara har na kusa da shi ya ja baya, fitilar ta ƙifta, famfo na ɗaya da ya tsaya yanzun nan ya sake tashi. Sambo yana tsaye can nesa, hannayensa biyu a baya.

Ni ban buƙaci zagaye na huɗu ba. Kowane famfo yana da babban makunni da muke kira rile, a cikinsa akwai naɗin waya. In wuta ta shiga naɗin sai ya zama maganaɗisu ya jawo ƙarfe, famfo ya tashi. In aka yanke wutar farat ɗaya, naɗin ba ya haƙura, sai ya yi harbi baya kamar jaki, ya watso wuta mai ƙarfi ta ɗan ƙiftawar ido cikin wayoyi. Ita ce rediyo ke ji. In ta sami 'yar ƙwaƙwalwar akwatin sai ta manta inda take, ta koma farko, farkon kuwa shi ne layi na ɗaya. Wani lokaci harbin ya same ta, wani lokaci ya kuskure, shi ya sa ranakun da dattawa suka zauna aka yi rashin sa'a ta yi aiki lafiya. Maganinsa duk ɗan koyo ya sani: a gicciya ɗan ƙaramin abu da ake kira dayod a bakin naɗin, ya shanye harbin. Na leƙa bakin naɗin farko, babu. Na biyu, babu. Na uku, babu.

Hannuna da kansa ya tafi aljihun rigata ya taɓo kwalin ashana. Sai ranar da na kafa akwatin ta dawo mini tar. Yamma ta yi, mai fito ya aiko cewa jirgin ƙarshe zai tashi, ni kuma ba na son kwana cikin sauro. Na gwada sau ɗaya ya zaga daidai, na ce dayod ɗin nan in na dawo na sa. Na ɗaure wayar ƙwaƙwalwa da ta famfo wuri guda da tef don aikin ya yi kyan gani, abin da ya ƙara wa harbin hanya. Na rufe, na yi barazanar wuta, na ruga bakin ruwa.

Minti ashirin ya ɗauke ni in liƙa ukun in raba wayoyin. Muka zaga sau goma sha biyu, rediyo shiru, ruwa yana bin layi kamar an ja shi da igiya.

Muna komawa gari Malam Garba ya ja ni gefe. Ya ce, "Injiniya, in an zauna ka ce zafin rana ne ya taɓa abin, ko kayan ne jabu. Kai ka fita, mu ma mu fita. Shi Sambo a ce an yafe masa, shi ke nan."

A yafe masa! Na tsaya na dube shi. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, kafin ya buɗe baki ni ma wannan dabarar ta riga ta gilma a zuciyata.

Bayan Juma'a aka taru a ƙofar Bulama. Na miƙe da silifas ɗin aro na ɗaga kwalin ashana na faɗi komai: yadda na yi gaggawa, abin da na bari ban sa ba, da maganar da na yi a waya ban zo na duba ba. Na ce mutumin nan bai taɓa akwati ba, hasali ma shi kaɗai ne a garin ya gano ciwon, aka yi masa dariya. Na ce duk shinkafar da ta ƙone a layi na uku da tasa, ni na ƙona ta.

Na zaci za a taso mini. Da an taso da na ji sauƙi. Ina! Sai ga dattawa suna cewa, "Ai kuskure ne, Injiniya, wa ya fi ƙarfinsa? Allah ya saka da alheri da ka faɗi gaskiya." Aka matsa mini wuri a kan tabarmar Bulama. Wani da gonarsa ta ƙone a layi na uku ya kama hannuna da hannu biyu. Shi kuwa Sambo, Bulama ya waiwaya ya ce, "To Sambo, ka ji. Sai haƙuri, haka Allah ya ƙaddara. Gonarka tana nan." Iyakar abin da ya samu ke nan. Waɗanda suka bar masa tazara a sahu, waɗanda suka ce shanu yake wa share fili, babu ɗaya da ya tashi ya je inda yake. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za a ba shi haƙuri da baki ba?" Bulama ya ce ai yanzu ya ba shi. Aka shafa fatiha.

Inna Dudu tana bayan danga tare da mata. Da aka watse ta wuce ta gabana, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ka iya magana, yaro. A waya ma ka iya." Ta yi gaba.

Da safiyar Asabar aka kawo mini kwando cike da busasshen kifi, kyautar Bulama ga baƙo. Kifin da kuke tambaya ke nan. Na bar shi a zaure, ko an ji haushi ko ba a ji ba, oho. Sambo ne ya raka ni bakin ruwa, ya karɓi jakata ya rataya, na yi na yi ya ƙi ba ni. Muka bi ta gefen gonarsa. Ya riga ya aika wa wani ɗan uwansa ya kawo shanu su cinye busasshiyar shinkafar, ga su nan a ciki suna ta kiwo. Na ce masa da damina zan kawo masa iri da taki, ya ce Allah ya kai mu. Na nemi gafararsa, ya ce ya yafe, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa, wanda hakan bai rage mini komai ba.

Muna jiran mai fito ya ce, "Ranar da Wakili ya buga maka waya ina wurin. A bainar jama'a ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ni na ce a kira ka, Injiniya. Na ce musu mai akwati zai fitar da ni."

Na laluba aljihu na ciro makullin akwatin na miƙa masa, na ce daga yau shi ya fi cancanta ya riƙe. Ya dubi makullin, bai miƙo hannu ba.

Ya ce, "Riƙe abinka. Ba na riƙe da makulli ma aka yi mini haka. In yana hannuna, ranar da ruwa ya sake gardama ko waya ba za a buga maka ba."

Ya sa mini jakata a jirgi, ya ce in gaida mutanen gida, ya juya wajen farantansa. Makullin yana nan a ƙusa a bangon shagona, sama da mita. Wanda ya shigo zai gan shi, kuma don Allah kada a sake tambayata kifi.